Ɗorewar Gini ko Ɗorewar Ƙasa? Tsokaci a Kan Dandamalin Hange a Yankunan Duwatsu Masu Aman Wuta

1.0 Gabatarwa

Duk inda dutse ya taɓa yin aman wuta, yakan bar ƙasa mai kamannin da ido bai saba gani ba. Akan tarar da baƙin fili na narkakken dutsen da ya daskare, da tuddan toka ja da baƙa, da kwarmin da a wasu wuraren yakan cika da ruwa ya zama tafki. Irin waɗannan wurare suna jan hankalin masu yawon buɗe ido, kuma adadinsu ya ƙaru ƙwarai a shekarun nan. Ƙasar Aisland, alal misali, ta karɓi baƙi kimanin rabin miliyan a 2010, amma zuwa 2018 sun haura miliyan 2, alhali 'yan ƙasar ba su kai 400,000 ba. Duk inda jama'a suka taru haka, tilas hukuma ta samar musu da wurin da za su tsaya su yi kallo. Wannan wuri shi ne ake nufi da dandamalin hange a wannan maƙala.

Masu zayyanar gine-gine sukan kira da yawa daga cikin waɗannan dandamali da suna gini mai ɗorewa, hujjarsu kuwa ita ce an yi amfani da katako, ko an sa faifan hasken rana, ko an rage siminti. A ra'ayina, ma'aunin ya sauka a inda bai dace ba. A ƙasar da wuta ke ƙarƙashinta, abin da ya kamata ya ɗore shi ne ƙasar da rayukan masu ziyartar ta da abincin mazauna wurin. Shi ginin bawa ne ga waɗannan, kuma nagartarsa tana cikin yadda za a iya ɗauke shi ranar da buƙatar hakan ta taso ba tare da ya bar tabo ba. Za a kafa hujjar wannan ra'ayi da abin da ya faru a tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya, tare da kwatanta shi da wasu wurare.

2.0 Halin Ƙasar da Ake Ginawa a Kanta

Ƙasar aman wuta tana yaudarar ido. Wanda ya ga baƙin dutse shimfiɗe zai ɗauka babu abin da zai iya cutar da shi, alhali tana daga cikin ƙasashe mafi rauni. Tuddan da toka da tsakuwar aman wuta suka taru suka yi ba su da damƙo, saboda haka kowace ƙafa da ta taka sai ta ture wani abu zuwa ƙasa. Idan dubban ƙafafu suka bi wuri guda sai su buɗe hanya, ruwan sama ya bi hanyar ya mayar da ita kwazazzabo. Haka kuma, tsiron da ke fara kama irin wannan dutse, wato gansakuka da danginta, yana girma ne a hankali ƙwarai. A Aisland, gansakukar da aka tattake takan ɗauki gomman shekaru kafin ta farfaɗo.

Matsala ta biyu ita ce iska. Inda dutse yake da rai, yana fitar da tururi mai ɗauke da farar wuta, wanda idan ya haɗu da danshi yakan zama ruwa mai cin ƙarfe. Noti da ƙusar da za su yi shekaru masu yawa a wani wuri, a nan tsatsa takan cinye su da wuri. Toka kuma takan kankare gilashi ta dusashe shi, idan ta taru a kan rufi ta jiƙe sai nauyinta ya iya karya shi.

Matsala ta uku, wadda ta fi kowace girma, ita ce ƙasar ba ta zauna ba. Bakin kwarmin da aka auna a bana yana iya ruftawa baɗi. Ke nan mai gini a nan yana gini ne a kan abin da ba a gama yin sa ba, kuma duk zayyanar da ta manta da haka ta ginu a kan kuskure tun daga harsashinta.

3.0 Darasin Lanzarote

Lanzarote ɗaya ne daga cikin Tsibiran Kanari da ke Tekun Atilantika, daura da gaɓar Maroko. Daga 1730 zuwa 1736 ƙasa ta yi ta tsagewa a yankin Timanfaya tana aman wuta, har narkakken dutse ya rufe kusan rubu'in tsibirin, ya binne ƙauyuka da gonaki. Manoman da suka rage sun koyi zama da abin da wutar ta bari. A yankin La Geria sukan haƙa rami a cikin baƙar tsakuwa har su isa ƙasar noma, su dasa inabi a ciki, sannan su kewaye ramin da gajeriyar katangar dutse mai siffar jinjirin wata domin kare shuka daga iska. Tsakuwar tana riƙe danshi ta hana ƙasa bushewa a tsibirin da ruwan sama ya yi wa ƙaranci.

A wannan tsibiri aka haifi mai zane César Manrique a 1919. Bayan ya zauna a Madrid da birnin Niyu Yok, ya komo gida a daidai lokacin da yawon buɗe ido ya fara bunƙasa a Sifaniya. Da goyon bayan shugaban majalisar tsibirin na lokacin, José Ramírez Cerdá, ya yi fafutukar hana dogayen benaye da allunan talla a gefen hanya, ya kuma jagoranci gina wuraren ziyara da dama.

Mafi dacewa da batunmu shi ne Mirador del Río, wanda aka gina a farkon shekarun 1970 tare da Jesús Soto da Eduardo Cáceres. Yana kan tsaunin Famara, sama da mita 400 daga doron teku, yana fuskantar ƙaramin tsibirin La Graciosa. Abubuwa biyu ne suka sa ya zama abin koyi. Na farko, an gina shi ne a gurbin tsohon sansanin igwa na soja, wato wurin da hannun mutum ya riga ya taɓa, ba a je an fasa sabon wuri ba. Na biyu, an haƙa shi a cikin tsaunin aka lulluɓe shi da dutsen wurin, ta yadda mai zuwa daga waje ba ya ganin komai sai katangar dutse da ƙofa. Sai ya shiga ciki ne zai tarar da farin zaure mai manyan tagogi biyu da suka buɗe zuwa teku. Wanda ke tsaye a La Graciosa yana kallon tsaunin da ƙyar zai gane akwai gini a jikinsa. Wannan muhimmin abu ne da ake yawan mantawa da shi: duk dandamalin da ake hange daga kansa, shi ma ana hango shi daga wani wuri, kuma ba shi da haƙƙin ɓata wa wasu abin da ya zo ya nuna wa nasa baƙin.

A Timanfaya, wadda ta zama gandun ƙasa a 1974, an bi wata dabara dabam. An tattara baƙi a wuri guda, Islote de Hilario, inda zafin ƙasa yake kusa da sama har akan zuba ruwa a bututu ya fito da ƙarfi yana tururi, kuma gidan abincin da ke wurin yana gashi da wannan zafi. Daga nan sai a ɗauke su a motocin bas a zagaya da su ta wata siririyar hanya mai tsawon kimanin kilomita 14, ba tare da sun sauka ba. Tagar motar ita ce dandamalinsu. Wasu baƙin suna ƙorafin an hana su taka ƙasar, amma sakamakon a bayyane yake: bayan rabin ƙarni na ziyara, filin da ke gefen hanyar yana nan kusan yadda wuta ta bar shi.

Sai dai labarin Lanzarote yana da ɗaya fuskar, kuma adalci ne a faɗe ta. Kyan waɗannan wurare yana daga cikin abin da ya tallata tsibirin ga duniya. A yau yana karɓar baƙi kimanin miliyan 3 a shekara, ga shi kuwa ruwan shansa daga teku ake tace shi, aikin da ke cin makamashi mai yawa. Manrique da kansa ya ƙare rayuwarsa yana zanga-zangar adawa da yawan gina otal-otal, kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 1992. Hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 1993, amma hakan bai hana ci gaba da gine-gine ba, har kotu ta soke lasisin otal-otal da dama. A watan Afrilu na 2024 dubban mazauna Tsibiran Kanari sun fito kan tituna suna neman a taƙaita yawan baƙi. Abin da wannan ke koyarwa shi ne, dandamali yana iya zama mai ladabi ga dutsen da ya hau, amma hanyar mota da filin ajiye motoci da otal ɗin da suka biyo bayansa su yi ɓarnar da shi bai yi ba. Duk lissafin ɗorewa da ya tsaya a bakin ƙofar ginin, lissafi ne da bai cika ba.

4.0 Ginin da Za a Iya Ɗaukewa

Mirador del Río ya dace da wurinsa ne saboda tsaunin Famara tsoho ne, wutarsa ta mutu tun miliyoyin shekaru. Kuskure ne a kwaikwayi irinsa a bakin dutse mai rai, kuma abin da ya faru a Hawayi ya isa shaida. A bakin kwarmin Kilauea akwai gidan tarihi na Jaggar tare da dandamalin hangensa, kusa da ofishin masu nazarin dutsen. A 2018 narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙoƙuwar ya janye ya ɓulla a yankin Puna, inda ya cinye gidaje sama da 700. Ƙoƙuwar ta yi ta ruftawa tsawon watanni tare da dubban girgizar ƙasa, ginin ya tsattsage, aka rufe shi, daga bisani aka fara rushe shi a 2024. An gina shi da ƙarfi domin ya daɗe, amma ƙarfinsa bai amfane shi da komai ba da ƙasar da ke riƙe da shi ta motsa, sai ma ya bar ɓaraguzan da aka kashe kuɗi wajen kwashewa.

A gwada wannan da matakalar Saxhóll da ke yammacin Aisland. Saxhóll ƙaramin tudun tsakuwar aman wuta ne da ƙafafun baƙi suka fara zaizayewa, hanyar hawansa tana ta faɗaɗa saboda kowa yana neman inda ba zai zame ba. Kamfanin zayyana na Landslag ya shimfiɗa matakalar baƙin ƙarfe, guntu-guntu a haɗe kamar sarƙa, a kan ainihin hanyar da mutane suka riga suka buɗe, tana bin lanƙwasar tudun har zuwa sama. An bar ƙarfen ya yi tsatsa da gangan har launinsa ya saje da jar tsakuwar wurin. An kammala aikin a 2016, ya kuma sami kyautar Rosa Barba a 2018. Mutane da suka sami wurin taka ƙafa mai sauƙi sai suka rage ratsewa, gefen tudun ya sami damar hutawa. A tsakiyar Faransa ma an yi makamancin haka da matakalar katako a Puy de Pariou, sannan a 2012 jirgin ƙasa mai hawa tudu ya maye gurbin motocin baƙi a Puy de Dôme.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ƙa'ida: nauyin gini ya bi gwargwadon barcin dutsen. Inda wuta ta mutu da daɗewa, ana iya haƙawa a gina da dutse. Inda tudu yake da taushi, ko dutse yake da rai, abin da ya dace shi ne gini marar nauyi, mai taɓa ƙasa a wurare kaɗan, wanda aka haɗa da noti yadda za a iya kwance shi, a sauya guntun da ya lalace, ko a matsar da shi gaba ɗaya idan bakin kwarmi ya canja. Idan ma wuta ta cinye shi, asarar kaɗan ce. Da wannan ma'auni, dandamalin gilashin nan da ake miƙawa a kan rami domin baƙo ya ɗauki hoto yana da wuyar karewa, domin yana buƙatar harsashi mai zurfi na kankare a daidai gaɓar da ta fi rauni, kuma yakan mayar da hankalin baƙo daga dutsen zuwa ginin.

5.0 Hujjojin Masu Saɓani

Akwai masu ganin cewa mafi alheri shi ne kada a gina komai, domin gini kiran mutane yake yi. Maganarsu tana da ƙarfi a wurin da baƙi ba su riga suka gano ba, kuma a irin wannan wuri ina tare da su. Amma inda jama'a suka riga suka yi dafifi, rashin gini ba ya hana su zuwa, sai dai ya bar su su bazu ko'ina. Lokacin da Fagradalsfjall ya fara aman wuta a watan Maris na 2021, dubban mutane sun nufi wurin da ƙafa tun kafin a yi wani tanadi, tilas hukuma ta bi su da alamun hanya. Bugu da ƙari, tsoho da mai keken guragu su ma suna da haƙƙin gani, kuma shimfiɗaɗɗiyar hanya mai makari ce kaɗai za ta ba su wannan dama.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai. Ranar 27 ga Satumba, 2014, dutsen Ontake na Japan ya fashe ba zato da tsakar rana, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu duwatsun da suka faɗo daga sama ne suka same su. Ranar 9 ga Disamba, 2019, irin haka ta faru a tsibirin Whakaari na Niyu Zilan, mutum 22 suka rasa rayukansu daga cikin 47 da ke wurin. Mai saɓani zai ce matakalar ƙarfe ba ta kare kowa daga ruwan duwatsu, abin da ake buƙata shi ne mafakar kankare irin waɗanda ke bakin kwarmin Nakadake a dutsen Aso. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ya kamata a yarda da siminti duk da hayaƙin da sarrafa shi ke fitarwa, domin rai ya fi komai. Sai dai mafaka dabam, dandamali dabam. Mafakar ta zama ƙarama mai ƙarfi, dandamalin ya zama marar nauyi. Kuma a Aso ɗin ma, abin da ya fi kare mutane shi ne ana auna iskar farar wuta a kai a kai, da zarar ta wuce ƙima sai a rufe wurin. Dandamali alkawari ne da hukuma take yi wa baƙo cewa nan wurin tsayawa ne. Hukumar da ba ta da na'urar aune, ko ba ta da ƙarfin halin rufe ƙofa a ranar da ciniki ya fi kyau, bai kamata ta yi wannan alkawari ba.

Hujja ta uku ta masu cewa amfani da kayan wurin ya wadatar ce. Gaskiya ne tokar aman wuta tana iya maye gurbin wani kaso na siminti, kuma Romawa sun yi gini da tokar Pozzuoli tun shekaru dubu biyu da suka wuce. Amma kayan wurin daga jikin wani tudu ake yanko su. A Lanzarote akwai tuddan da haƙar tsakuwa ta bar wa rauni a gefe, a Faransa kuma an haƙe tudun Lemptégy har cikinsa ya bayyana. Wanda ya fasa tudu guda domin ya ƙawata wurin kallon wani tudu bai kiyaye komai ba. Dutsen da ya fito daga haƙan harsashi ko daga rusasshen gini shi ne ya cancanci sunan kayan wuri.

6.0 Wa Yake Riƙe da Wurin?

Ginin da za a iya kwancewa yana buƙatar mai duba shi kullum, ya ɗaure abin da ya kwance, ya sauya katakon da ya ruɓe. Babu mai yin haka da zuciya ɗaya kamar wanda abincinsa yake wurin. A ƙasar Ikwado, an gina dandamalin Shalalá a 2013 a bakin tafkin kwarmin Quilotoa. Ƙarfe ne aka lulluɓe da katako, da bene a sama mai miƙewa zuwa bakin kwarmi, da wurin zama mai hawa-hawa a ƙasansa. Yana cikin yankin al'ummar Shalalá, 'yan asalin wurin, waɗanda su ke gudanar da harkar karɓar baƙi a can. Idan kuɗin shiga yana komawa ga mazauna wuri, lalacewar dandamali asararsu ce, don haka ba za su zuba masa ido ya lalace ba.

Akwai kuma batun alfarma. Ga 'yan asalin Hawayi, ƙoƙuwar Kilauea wuri ne mai tsarki a al'adarsu, haka ma duwatsu da yawa a Japan da Indunusiya. Mai zayyana da ya zo da taswira yana ganin fili ne kawai, alhali mutanen wurin sun san inda ake tsayawa da inda ba a takawa. Tambayar su tun kafin a ja layin farko tana cikin aikin zayyana, ba alfarma ce ake yi musu ba.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

Batun bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Tudun Biu a Jihar Barno cike yake da tsofaffin tuddan aman wuta, kuma tafkin Tila a cikin kwarmi yake. A Jihar Filato akwai irin waɗannan tuddai a wajen Kerang da Panyam, da tafkin Pidong, da kuma Dutsen Wase wanda shi ma ragowar aman wuta ne. A Kamaru akwai tsaunukan Rhumsiki da Dutsen Kamaru da ya yi aman wuta a 1999 da 2000, da tafkin Nyos wanda iskar da ta taso daga cikinsa a watan Agusta na 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700. Ranar da tsaro ya inganta kuma baƙi suka fara yawa a waɗannan wurare, abin da za a fara kawowa shi ne kwangilar kankare da fenti a kan ƙoƙuwar tudu. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata jami'o'inmu su haɗa masana ƙasa da masu zayyana da masu nazarin al'adu, a tantance inda ya dace a tsaya, a tattara sunaye da labaran da mazauna suke da su game da kowane tudu, kafin ɗan kwangila ya iso da motar haƙa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ba a auna ɗorewar dandamalin hange da irin kayan da aka yi shi da su kawai. Kafin a amince da kowace zayyana, ya kamata hukuma ta nemi amsar wasu tambayoyi. Shin akwai wurin da aka riga aka taɓa da za a iya amfani da shi, kamar yadda aka yi a Famara da Saxhóll? Mutum nawa wurin zai iya ɗauka a rana, kuma wa zai tsayar da na bayansu? Wa yake auna motsin dutsen, wa kuma yake da ikon rufe ƙofa? Kuɗin shiga aljihun wa yake zuwa? Idan aka ɗauke ginin bayan shekara 30, me za a tarar a gurbinsa? Zayyanar da ta kasa amsa waɗannan ba ta cancanci a kira ta mai ɗorewa ba, komai kyanta a hoto, kuma a irin wannan hali barin tudun yadda yake ya fi alheri, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.